Dalar da Ake Biyanka Daga Ƙasar Waje: Abin da Dokar Canjin Kuɗi ta Najeriya Ta Tanada

Tambaya: Ni mazaunin Kano ne, kuma shekara biyu ke nan ina yi wa wasu kamfanoni na Ingila da Amurka aikin zane a kwamfuta da tsara shafukan intanet. Wani lokaci kuɗin yakan zo mini a dala, wani lokaci kuma sai in ga naira ce ta shigo. Shin doka ta yarda in ajiye dalar? Zan iya kai ta wurin 'yan canji? Sannan yayata tana ɗinka jakunkunan fata, ta samu mai saye a Jamus, shin ita ma hanyar da nake bi za ta bi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya wa sana'ar albarka. Na yi shekaru ina aiki a sashen kuɗaɗen waje na wani banki, kuma irin waɗannan tambayoyi ne ake kawo mana kusan kullum, sai dai galibi akan kawo su ne bayan an riga an tsayar wa mutum da asusu ko kuɗinsa sun maƙale a hanya. Ka kyauta da ka tambaya tun kafin a kai can.

Mallakar dala ko fam ko yuro da ka samu ta hanyar aikinka ba laifi ba ne a Najeriya. Fargabar da mutane suke da ita gado ce ta wani zamani da ya wuce. A ƙarƙashin dokar taƙaita canjin kuɗi ta 1962 gwamnati ce take riƙe da ragamar kuɗaɗen waje gaba ɗaya, kuma a 1984 gwamnatin soja ta fitar da wata doka mai tsanani wadda aka ɗaure mutane a kanta saboda an same su da kuɗin waje ba bisa ƙa'ida ba. An fara sassauci a 1986 lokacin da aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje, sannan a 1995 aka soke tsohuwar dokar, aka kafa wadda ake aiki da ita har yau, wato dokar sa ido kan canjin kuɗaɗen waje. Ita ce ta bai wa kowa damar buɗe asusun ajiyar kuɗin waje a banki, wanda mutane suke kira asusun dom ko asusun dala. Amma dokar ta bar wa Babban Bankin Najeriya ikon tsara yadda kasuwar za ta gudana, kuma daga nan ne rikicewa take tasowa, domin dokar tana nan daram, su kuwa takardun umarni na Babban Bankin suna sauyawa akai-akai.

Abin da nake so ka riƙe fiye da komai shi ne, ƙofar da kuɗi ya shigo ta cikinta ita ce take yanke abin da za ka iya yi da shi. Dala ɗari biyar ɗaya ce a wurin wanda ya turo, amma a wurin hukuma tana da hukunci daban-daban gwargwadon hanyar da ta biyo. Wannan ne dalilin da ya sa kake ganin dala wani wata, ka ga naira wani wata.

Idan kamfanin ya turo kuɗin daga bankinsa kai tsaye zuwa asusun dalarka ta hanyar SWIFT, wato tsarin da bankunan duniya suke aika wa juna kuɗi ta cikinsa, to dala ce za ta sauka, kuma taka ce: ka bar ta a ajiye, ka tura wa wani, ka biya wani abu da ita a waje, ko ka sayar wa banki lokacin da ka ga dama. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin ya bayyana cewa masu irin wannan asusu suna da cikakkiyar damar amfani da kuɗinsu, sai dai kuɗin da aka zuba tsaba a kan kanta, wanda aka ƙayyade fitar da shi waje zuwa dala 10,000 a rana. Ka lura da wannan bambanci, domin bankuna suna kallon dalar da aka turo daga wani banki da ido daban da dalar da aka kawo a aljihu, saboda ta farko tana da tarihin da za a iya bi. Aibin wannan hanya shi ne tsada. Kuɗin yakan bi ta wani banki na tsakiya a Amurka ko Turai kafin ya iso, kowa kuma yana yankar nasa, don haka idan aikin na dala ɗari ne za ka ji ciwon abin da aka cire. Ku daidaita da mai biyanka tun a yarjejeniya a kan wanda zai ɗauki kuɗin turawar, kuma idan zai yiwu a haɗa ladan ayyuka biyu ko uku a turo a dunƙule.

Idan kuwa kuɗin ya biyo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union da MoneyGram, to hukuncinsa daban ne, kuma tarihinsa ya isa ya nuna maka yadda ƙa'idojin nan suke juyawa. A ƙarshen watan Nuwamba na 2020 Babban Bankin ya ce a riƙa biyan masu karɓa da dala. A watan Maris na 2021 har ya ƙara da tukuicin naira biyar a kan kowace dala da ta shigo ta wannan hanya, tsarin da aka dakatar a tsakiyar 2023. Sannan a ƙarshen Janairu na 2024 aka fitar da sabuwar ƙa'ida cewa duk abin da ya biyo ta waɗannan kamfanoni da naira za a biya shi, abin da ya haura kwatankwacin dala 200 kuma sai an zuba shi a asusu. Saboda haka idan ka ga naira ta shigo, ba lallai ne wani ya cuce ka ba. Mai turowar ne ya zaɓi ƙofar da ake canza kuɗin a bakinta. Maganin abin shi ne ka ba shi cikakken bayanin asusun dalarka, da lambar SWIFT ta bankinka, ka ce masa daga banki zuwa banki kake so.

Akwai hanya ta uku wadda yawancin matasa masu aiki a shafukan neman aiki ta intanet irin su Upwork da Fiverr suke bi, wato su tara kuɗin a manhajoji irin su Payoneer ko a kamfanonin da suke bai wa mutum lambar asusu ta Amurka ko Ingila. Hanyar tana da sauƙi kuma tana da araha, ban kuma ga laifinta ba, amma ina gargaɗin mutane da kada su mayar da ita banki. Kuɗin da yake zaune a can ba ya cikin asusunka na Najeriya, kuma idan kamfanin ya yi shakkar wata mu'amala zai iya riƙe shi makonni yana bincike, kai kuma ba ka da ofishin da za ka je ka zauna a gaban manaja. Ka riƙa kwashe kuɗin zuwa asusunka lokaci-lokaci, ka kuma adana bayanan shige da fice na manhajar, domin su ne shaidarka ranar da bankinka ya tambaye ka asalin kuɗin.

Yanzu ga maganar 'yan canji, wadda na san ita ce ta fi damunka, tun da Wapa ba ta da nisa da kowa a Kano. Shekarun baya akwai hujja mai ƙarfi da take kai mutane can. Kafin watan Yuni na 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460 a kan dala, alhali a kasuwar bayan fage ana sayar da ita sama da naira 700, don haka wanda ya sayar wa banki ya yi asarar kusan kashi ɗaya bisa uku na guminsa. A ranar 14 ga Yuni na 2023 Babban Bankin ya haɗe kasuwannin canji wuri guda bisa tsarin mai saye da mai sayarwa su daidaita, naira ta faɗi ƙwarai, amma a hankali tazarar da ke tsakanin farashin banki da na titi ta ragu sosai. Ita kanta sana'ar canjin an tsaurara mata: a watan Maris na 2024 an soke lasisin kamfanonin canji 4,173, sannan aka ɗaga jarin da ake bukata zuwa naira biliyan biyu ga manya da naira miliyan 500 ga ƙanana, aka kuma haramta cinikin bakin titi. Sayar wa kamfanin canji mai lasisi halal ne a doka. Ka nemi mai ofis da lasisi, ka karɓi rasit, ka bari a biya ka ta asusunka daga asusun kamfanin.

Abin da na fi jin tsoro ba shi ne farashi ba, wanda zai turo maka nairar ne. An saba mutum ya bai wa ɗan canji dala, sai ya ga naira ta shigo daga sunan wani da bai taɓa ji ba, domin ɗan canjin ya haɗa shi ne da wani mai neman dala. Haka abin yake a cinikin kirifto, wato kuɗin intanet, na mutum da mutum. Idan aka yi rashin sa'a nairar nan ta fito ne daga damfara ko kuɗin fansa, to masu bincike za su bi sawunta har asusunka, a sa masa takunkumi, kai kuma ba ka da takardar da za ta nuna dalilin da ya sa baƙo ya turo maka miliyoyi. Na ga mutanen kirki da suka yi watanni suna zarya a kan irin wannan, alhali ribar da suka samu a kan farashin banki ba ta kai kuɗin motar zaryar ba. Game da kirifto kuwa, gaskiya ne Babban Bankin ya janye a watan Disamba na 2023 haramcin hulɗa da masu cinikinsa da ya sanya wa bankuna a 2021, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar hannayen jari, amma wannan bai wanke kuɗin da bai da tsabta ba idan ya faɗo asusunka.

Wannan ya kawo mu ga takardu. Dokar 1995 ta ce ba a tilasta wa mai sayar da kuɗin waje ya faɗi inda ya samo shi, sai dai idan wata doka ta bukaci haka, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta bukata. Ta wajabta wa banki ya kai rahoton duk kuɗin da ya shigo ko ya fita ƙasar idan ya haura dala 10,000, ta kuma ɗora masa nauyin sanin sana'ar abokin hulɗarsa da kai rahoton abin da ya yi shakka a kansa komai ƙanƙantarsa. Rahoton nan ba tuhuma ba ne, aikin yau da kullum ne, kuma mai gaskiya ba ya ma sanin an kai shi. Kuskuren da mutane suke yi shi ne su ce wa mai biyansu ya rarraba kuɗin gida-gida don kada ya kai adadin. Rarraba kuɗi da niyyar kauce wa rahoto laifi ne a dokar, kuma babu abin da ya fi shi saurin jawo hankalin ma'aikatan sa ido na banki. Abin da za ka yi mai sauƙi ne: kowane aiki ya kasance da rubutacciyar yarjejeniya ko da ta imel ce, da takardar neman biya mai lamba da kwanan wata da bayanin aikin, sannan sunan da ke jikinta ya yi daidai da sunan da ke asusun. Ka gaya wa jami'in da ke kula da asusunka sana'arka tun kafin kuɗi mai yawa ya shigo, musamman idan da sunan ɗalibi ka buɗe asusun. Kada ka karɓar wa aboki kuɗi ta asusunka don kunya ko zumunci, domin ranar tambaya kai za a kira. Idan harkar ta bunƙasa, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka buɗe asusun sana'a daban da na cefanen gida.

Abu biyu a taƙaice. Idan wanda za ka yi wa aiki a cikin Najeriya yake, da naira za ka yanka masa farashi, domin sashe na 20 na dokar Babban Bankin ta 2007 ya sa ƙin karɓar naira laifi mai tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida, kuma a 2015 bankin ya sake jaddada haramcin sa farashin cikin gida da kuɗin waje. Idan kuma za ka yi tafiya da tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000, dole ka bayyana wa jami'an kwastam, shiga ko fita.

Haraji ba ya cikin dokar canji, amma ba zan tsallake shi ba, domin matasa da yawa suna zaton kuɗin da ya zo daga waje ba ya shiga lissafi. Mazaunin Najeriya yana biyan haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, kuma hukumar haraji ta jihar da yake zaune ce take karɓa. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, mai fara aiki daga Janairu na 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a cire mata komai, daga nan adadin yana hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 cikin ɗari ga masu samu mai yawa. Ka riƙa rubuta abin da ka kashe a kan sana'ar, kamar data da kuɗin manhaja da gyaran kwamfuta, tare da rasit, saboda a kan riba ake lissafi. Aikin da ka sayar wa wanda yake ƙasar waje kuwa ba a ɗora masa harajin sayen kaya da hidima, wato VAT, na kashi 7.5 cikin ɗari.

Maganar Yaya ita ce mai nauyi, kuma ina roƙonka ka karanta mata wannan ɓangare da kyau, domin hanyarka ba tata ba ce. Kai aiki kake sayarwa, wanda ba ya bi ta tashar jirgi. Ita kuwa kaya za ta fitar, kuma fitar da kaya don ciniki yana da tsari na musamman wanda manufarsa ita ce tabbatar da cewa kuɗin kayan ya dawo gida. Za ta fara da rajistar kasuwanci, sannan ta yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Najeriya, wato NEPC, ta karɓi takardar shaidar mai fitar da kaya. Kafin kowane kaya ya tashi za ta cike fom ɗin NXP ta hannun bankinta, wanda yanzu a intanet ake cike shi, a rubuta irin kayan da yawansu da darajarsu da sunan mai saye. Akwai duba kaya kafin lodi, da kuɗin duban wanda yake rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan da ba na man fetur ba. Kuɗin cinikin kuma ba asusun dala na yau da kullum zai shiga ba, akwai asusu na musamman na kuɗin kayan da aka fitar, wanda banki yake amfani da shi wajen nuna wa Babban Bankin cewa fom kaza an biya shi.

Wa'adin shi ne kwana 180 daga ranar da ke kan takardar lodin kaya. A cikin wannan lokaci dole kuɗin ya shigo asusun. A da akan nemi ƙarin lokaci ta hannun banki, amma a watan Janairu na 2025 Babban Bankin ya dakatar da amincewa da irin wannan roƙo. Wanda ya bar fom ɗinsa a buɗe ba tare da kuɗi ya dawo ba yana iya fuskantar tara da hana shi shiga kasuwar canji ta hukuma, har an taɓa umartar bankuna a 2021 da su daina yi wa irin waɗannan mutane hidima. Manyan 'yan kasuwar riɗi da zoɓo na Dawanau sun san wannan ƙa'ida sarai. Masu ƙaramin jari ne take kamawa, kuma sau da yawa ba don mugun nufi ba. Mace za ta tura kaya, mai saye ya biya ɗan'uwanta da yake zaune a Turai, shi kuma ya aiko mata da naira, ko kuma kuɗin ya shigo ta asusun ƙanenta saboda shi ne mai asusun dala. A wurinta ciniki ya ƙare lafiya, amma a littafin hukuma kaya sun fita kuma kuɗinsu bai dawo ba. Don haka kada ka ba ta aron asusunka, ko da kuwa cinikin farko ne kuma ƙarami.

Idan samfuri kawai za ta tura, jaka ɗaya ko biyu don mai saye ya ga ɗinkin ba tare da biya ba, to wannan yana da fom ɗinsa daban mai suna NCX, na kayan da ba na ciniki ba. Amma kada a fake da shi a riƙa fitar da kayan sayarwa da sunan kyauta, domin ranar da cinikin ya girma ba za ta sami tarihin da za ta nuna wa banki ko NEPC ba. Haka kuma kada ta ɗauki shawarar wanda yake ciniki a Maraɗi ko Yamai ta yi aiki da ita a nan. Jamhuriyar Nijar tana bin dokar canji ta ƙasashen da suke amfani da sefa, wadda darajarta take ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya, kuma a can mazaunin ƙasa ba ya buɗe asusun kuɗin waje sai da izini na musamman.

Shawarata gare ta game da mai sayen na Jamus ita ce ta nemi ya biya rabi ko duka kafin ta tura kaya, tun da ba su saba ba, kuɗin kuma ya shigo asusun kayan fitarwa da sunan kasuwancinta, a rubuta lambar takardar neman biya a bayanin turawar don banki ya iya haɗa shi da fom ɗin. Idan ya nace sai kaya sun isa zai biya, to su rubuta wa'adin da bai wuce kwana 60 ko 90 ba, saboda idan aka sami jinkiri a jirgi ko saɓani a kan ingancin fata, ta sami sauran lokaci kafin kwana 180 su cika. Ta kuma je reshen bankinta ta nemi ganin jami'in sashen cinikin ƙasashen waje tun kafin ta amince da farashi, domin kuɗin rajista da na duba kaya da na jigila duk sai sun shiga lissafin kowace jaka.